Layi Biyu a Cikin Toka

Wata budurwa ta taka birki daidai inda itacen da ke nuna hanyar rijiya yake a da. Babu shi. Wutar daji ta lashe wannan yanki na hamadar Ostireliya, toka ce iya ganinka, ga ruwan jarkarsu ya kusa ƙarewa.

"Inna, mun ɓata. Baba kaɗai ya san hanyar."

"Kul! A al'adarmu ba a ambaton mamaci," in ji tsohuwar da ke zaune gefenta. "Sauka ki buɗe idonki."

Ta sauka tana sharar hawaye. Can gefe, sabuwar ciyawa ta tsiro layi biyu, ta miƙe yamma. Ashe ruwan sama ya kwanta ne a tsohon sawun tayoyin motar Baba.

"Bi shi," in ji Inna. "Bai taɓa barinmu da ƙishirwa ba."