Daren da Na Goyi Bayan Maciji

Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Ƙarar da ta tashe ni ke nan, daga ƙarƙashin ɗakinmu na gora da ke kan dirkoki.

Matata ce, wadda shekara uku ba ta gane kowa, har ni. Tana tsaye a yashi, tana dukan tukunyar shinkafa da ludayin kwakwa. Na ɗaga kai, na ga macijin teku ya haɗiye rabin wata. A tsibirinmu kowa ya san a da wata bakwai ne a sama, macijin ya cinye shida, kuma sai an dame shi da ƙara yake amayo na ƙarshen. Tun ina yaro nake wasa mashin kifin babana don ranar da zan kashe shi.

Na sauko da mashin. Ta dube ni.

"Tsohon banza, kifi za ka soka a sama? Ɗauko murfi! Wa ma ya yi maka wannan mugun askin?"

Ta gane ni.

Nan da nan gari ya ɗauka, kwanoni, garewani, har ƙararrawar coci. Gefen wata ya soma haske, bugun da matata ke yi ya soma rauni, idanunta suna komawa can inda suka saba tafiya.

Na yar da mashin, na bi mutane ina fizge tukwane. "Ku bari! Ku bar shi ya ɗan ƙara riƙewa!"

Wata ya fito tas. Cikin ladabi matata ta tambaye ni wa nake nema.

Maƙwabcina ya tsinci mashin, ya kakkaɓe yashi.

"Baba, wai me ke tsakaninka da macijin nan?"