Malamin da bai kwantar da mahaifiyarsa ba

Tun da ka ce yau ma daga sallar gawa za ka juya, ba ka da lokacin zuwa maƙabarta, zauna in ba ka misali ɗaya, ba zan daɗe ba.

An yi wani malamin makaranta da Turanci ya zauna masa a baki kamar da shi aka yaye shi. Ba ya barin kalma ta wuce sai ya bi ta har gidan kakanninta. A cikin darussansa akwai wanda ya fi ji da shi, wato na kalmomi biyun da Turawa ke amfani da su in za su ce an binne mutum. Ni bakina ba ya iya faɗinsu daidai, amma na riƙe bayanin. Yakan ce ɗaya ta kowa da kowa ce, tushenta wata tsohuwar kalma mai nufin a rufe abu a kare shi, shi ya sa da ita suke binne mamaci, da ita suke binne dukiya a rami, har in masu gaba sun shirya sai su ce sun binne gatari. Ɗayar kuwa ta manyan takardu ce, daga Latin aka aro ta, ma'anarta a sa a cikin ƙasa. Ɗalibai na rubutawa, shi kuwa yana jin daɗin kansa. Gaskiya ya sani, ba zan rage masa ba. Sai dai duk wannan sani, ƙafarsa ba ta taɓa wuce ƙofar maƙabarta ba. In an yi rasuwa a unguwa yakan zo salla, ya tsaya a sahun baya, ana ɗaukar makara ya zame, wai aji na jiransa. Da yamma ya aiko da takardar ta'aziyya mai daɗin karantawa. Mahaifiyarsa kuma shi kaɗai Allah ya bar mata, ba miji, ba ɗan'uwa namiji. Buƙatarta gare shi ɗaya ce, ta faɗa ta sake faɗa, cewa ranar da ta cika hannunsa take so ya kwantar da ita, kada a miƙa ta ga bare. Takan ce ya riƙa bin mutane yana ganin yadda ake yi. Shi kuma ya ce to, ai abin ba wuya, akwai lokaci.

Ran nan lokacin ya ƙare. Aka yi mata wanka, aka sa ta a likkafani, aka sallace ta bayan azahar, ya bi makara a karo na farko a rayuwarsa. Ka san kabarinmu hawa biyu ne, akwai uwa mai faɗi a sama, akwai 'ya, siririn ramin da ke tsakiya inda mamaci ke kwanciya. Aka ja mayafi bisa ramin kamar yadda ake yi wa mace, aka ce ɗanta ya shiga. Ya shiga, maimakon ya raba ƙafafunsa a gefen 'yar sai ya dira cikinta tsundum, bakin ramin ya zube, sai da aka sake kwashe ƙasa. Aka miƙo ta, ya karɓa ya juya kanta arewa, alhali kai kudu yake yi domin in ta kwanta a damanta fuskarta ta kalli alƙibla. Wani ya ce ya juya ta, wani ya ce ya kwance ƙullin likkafani, wani ya ce ba yanzu ba. Gumi ya rufe masa ido, gawar tana neman suɓuce masa. Kunya ta kama mutane, kowa ya sunkuyar da kai. Sai tsohon da ke haƙa kaburburan wurin, wanda ko baƙi bai sani ba a boko, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Malam, fito hakanan, kada mu wahalar da baiwar Allah." Ya fito. Tsohon ya sauka, ya kwantar da ita a damanta, ya sassauta ƙullin, ya jera fasassun tukwane a bakin 'yar, ya liƙe kafofin da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, duk cikin abin da bai kai shan ruwa ba. Abin da ya rage wa ɗanta shi ne ƙasa cikin hannu sau uku, daidai da kowane mai wucewa da ya tsaya neman lada.

Na ji tausayinsa ƙwarai, don ba mugun ɗa ba ne, ya ci da ita, ya sha da ita, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Daga ranar bai sake barin makara ta tafi ba shi ba. Ya koyi aikin har ya gwanance, yau in an rasa mai shiga rami shi ake nema, ya kwantar da iyayen mutane da yawa da hannunsa. Amma tasa uwar sau ɗaya ake binne ta, kuma bare ne ya yi.

To, ga makara can an ɗauka, kai ma naka tsohon yana gida da ransa. Sa takalminka mu bi su. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.