Ɗan Ƙarfen Giya

"Buɗe bakinki, Jannat! Me kika haɗiye?"

'Yata mai shekara biyu ta fashe da kuka. Hannunta duk baƙin mai.

Tun safe na kwance giyar tsohon babur ɗin da na gada wurin mahaifina, saboda ta biyu tana yawan ficewa. Da na zo haɗawa, sai na rasa ɗan dunƙulen ƙarfen da ke riƙe giyar, mai kamar ƙwayar wake. Na zazzage faranti, na tankaɗe ƙasar wurin. Babu. Ga Jannat zaune kusa, tana tsotsar yatsa.

Maƙwabcina Sa'idu ya kwashe mu a mota daga Tamawa zuwa asibiti a Dutsin-Ma. Ina rungume da ita, ina sauraron numfashinta. Duk tarin da ta yi sai gabana ya faɗi.

Aka ɗauki hoton cikinta. Likita ya ce babu komai.

"A sake dubawa, likita! Ƙarfe ai ba ya tashi sama."

Matata Talatu, da ta biyo mu asibitin, ta zuba mini ido. "Malam, in hannunka ya yi mai, ina kake ajiye ƙananan ƙarafan?"

"A baki mana, kamar kowane bakanike."

"To, da na kawo maka fura ɗazu ka kafa kai, ka fitar da shi?"

Na tuna wani gaya mai tauri da ya wuce mini da ƙyar. Na dafe cikina.

Likita ya nuna mini gadon. "Bismillah, Malam. Hau."