Sabuwar Kwat ta Kanta Uku

Gwiwar hannun kwat ce ta fara tona masa asiri. Kanta Uku ya miƙa hannu zai karɓi takardar wata kwastoma, sai ya ji ɗinki ya saki. Ya manne hannun a jikinsa, ya ƙara faɗin murmushi.

A reshen bankin nan ba a kiran mutum da sunansa, sai da inda yake zama. Tun da tattalin arziki ya durƙushe, faci ya zama ado a wajensu, daga Kanta Ɗaya har Manaja. Yanzu kuma hedikwata ta aiko cewa za a rage ma'aikata. Abu ɗaya ake jira: rahoton Mai Hasashe, wani masanin tattalin arziki da kowa ke jin ana karanta hasashensa a rediyo, ba wanda ya san fuskarsa. Manyan hedikwata sun yarda da shi fiye da idanunsu. In ya ce aikin banki zai ci gaba da tsukewa, to wuƙa za ta sauka, kuma Kanta Uku ne na ƙarshe da aka ɗauka aiki.

Tsoro ya hana shi cin abinci, amma ba ka gani a fuska. Darasin farko da ake koya wa ɗan banki ke nan: ko rufi na ci da wuta, in bare ya tambaya ka ce komai lafiya. Kwastoma ya ji ƙamshin tsoro yau, gobe layin masu kwashe ajiya ya kai bakin titi.

Matarsa dai ba a banki take aiki ba.

"Baban yara, za ka zauna jiran mutumin rediyo ya yanke maka hukunci? Ka nemi wani aikin tun da sauran numfashi. Amma wallahi ba da wannan tsumman za ka je intabiyu ba."

Aka haƙura da nama a gidan, aka sayi yadi. Bayan an tashi aiki ya zaga ta lungu, ya shige shagon Tela da ke bayan banki yana waige-waige.

A kusurwar shagon akwai yayan Tela, wani dattijo mai kaurin tabarau. Likita ne ya ɗora masa tattaki kullum da yamma, shi kuma nan yake yada zango ya sha shayi. Ya dubi yadin, ya dubi katin aikin da ke rataye a wuyan Kanta Uku.

"Ɗan banki da sabuwar kwat? Samari, harka ta fara motsi ke nan?"

Bakin Kanta Uku ya riga ya saba.

"Ai Baba, sai godiya. Abin da ke tafe ma ya fi wannan."

Dattijo ya gyaɗa kai, ya ci gaba da juya cokali.

Ranar gwaji, Kanta Uku ya ɗaga labule sai ga Kanta Ɗaya, Tela na auna masa kafaɗa.

"Bikin ƙanina ne," in ji Kanta Ɗaya da sauri.

"Ni ma," in ji Kanta Uku, wanda shi ne auta a gidansu.

Ranar karɓa ya tarar da Mai Lamuni, ma'aikaciyar da ke kula da rance a reshensu, ita wai taron suna za ta. Bayanta kuma Manaja ne da kansa, ya ware hannuwa kamar maratayin kaya, tef zagaye da tumbinsa. Kowannensu dattijo ya yi masa tambayar nan, kowannensu ya washe baki ya ba da amsar da aka koya masa.

Kanta Uku ya saka sabuwar kwat, ya ce wa Manaja haƙori ke damunsa, ya tafi intabiyu wani kamfanin inshora. Yana shiga ɗakin jira ya ga rabin reshensu jere a kujeru, kowa cikin ɗinkin Tela, kowa ya ƙura wa silin ido. Manaja ma, ashe, haƙorin ne ya kawo shi. Ba a ɗauki ko ɗaya ba. Kamfanin ya ce shi ma rahoton yake jira.

Da rahoton ya fito, Mai Lamuni ce ta karanta musu a waya. Mai Hasashe ya ce aikin banki ya gama jinya. Ya ce duk bankin da ya sallami ma'aikata bana, baɗi zai neme su da fitila bai samu ba. Kafin a rufe ƙofa hedikwata ta janye batun ragin. Kanta Uku ya shiga banɗaki ya yi kukansa na murna, sannan ya fito ya ce mura ce.

Da yamma yana cire takalmi, matarsa ta ƙwala masa kira daga falo.

"Zo da sauri! Yau za a nuna mutumin naka a talabijin!"

Ya zo da safa ƙafa ɗaya, yana shirin yi wa bawan Allah addu'a. Mai gabatarwa na tambaya: duk masana sun ce sai an ƙara shan wuya, shi wace hujja ya gani da ba su gani ba?

Dattijo mai kaurin tabarau ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Su alƙaluma suke kallo, ni kuwa a shagon ƙanina na ga 'yan bankin da suka daɗe suna faci sun yi layin ɗinka sababbin kwat, na tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kuma ɗan banki ai ba zai yi wa dattijo ƙarya ba."