Katangar da Ta Ƙi Faɗuwa

Da mai aski ya ji jami'an gwamnati sun shigo layinsu duba ɓarnar ambaliya, sai ya ƙwala wa matarsa kira. Duk wanda gininsa ya rushe za a ba shi siminti da rodi ya sake mai ƙarfi, ga shi tsohuwar katangarsa, duk da tsagewarta, ta ƙi faɗuwa.

"Zo mu ture ta!"

"Maigida, wannan ai ha'inci ne."

"Taimaka mata za mu yi, dama tana hanya."

Suka yi ta turi har gumi ya jiƙa su, ko gezau. A haka injiniyan gwamnati ya same su. Ya shafa katangar, ya jinjina kai.

"Gwada ƙarfinta kuke yi? Madalla! Irin ginin da muke so ke nan. Ku kam ba kwa buƙatar tallafi."

Ya miƙa masa allon yabo, suka wuce.

Motarsu na ɓacewa, mai aski ya ɗauko ƙusa yana ƙunƙuni, zai rataya allon. Bugu ɗaya ya yi, katangar ta zube.

Matar ta kakkaɓe mayafinta. "To maigida, yanzu a ina za mu rataya shi?"