Kafin Raƙumin Baba Ya Yi Nisa

Ina aji biyar a lakwal, Mushe, malaminmu, ya ba mu labarin wani makiyayi ya ce mu taƙaita shi. Kullum sai ya mayar mini da kayena, littafin da nake rubutu a ciki, domin ni tausayin kowace jimla nake ji, ba na iya zubar da ko ɗaya. Ya ce in ban gyara ba, sai na maimaita aji.

Da la'asar na tarar da Baba a ƙofar gida yana ɗaura wa raƙuminsa sirdi, zai koma wajen dabbobi a Tagriss. Na karanta masa labarin kaf, har da launin rigar makiyayin. Ya hau, raƙumin ya yi ruri ya miƙe, suka kama hanya.

Sai ya waiwayo ya ce, "To ɗiyata, sake gaya mini. Amma ba ni tsayawa."

Na bi shi a guje, yashi na ƙona mini ƙafa. Na ɗauko daga farko, na ga yana ƙara nisa. Sai na ƙwala ihu iya ƙarfina: "Fari ya zo! Ya ƙi sayar da shanunsa! Duk suka mutu!"

Baba ya ɗaga sandarsa sama. "Na ji! Je ki rubuta wannan!"

Yau Baba ya yi nisan da murya ba ta kaiwa, Allah Ya jiƙansa, ni kuma ni ce a gaban allo. In ɗalibi ya cika mini shafi, ba na masa faɗa. Ƙofar aji nake nufa, in waiwayo in ce, "Gaya mini, ba ni tsayawa."