Rumfar Ƙarshen Lungu

Ƙusa ta uku ta lanƙwashe, Munzali ya zare ta ya ɗauko wata. Ya naɗe kan gudumar da tsumma, shi ya sa bugun ba ya shiga. Duk da haka bai kwance tsumman ba.

Tun hantsi yake wannan lungu na unguwar Mansur, yana kafa rumfa a jikin bangon wani gida. Ginshiƙai biyu sun tsaya. Saura ya haɗa su da bangon ya ɗora rufi kafin rana ta juyo yamma. Katakon a unguwar Kudai ya tsinto, tsofaffin dardumomin da zai shimfiɗa a sama kuwa na ɗakinsa ne.

Talal mai shagon bakin titi ya leƙo, ya tambaye shi da Larabci wa zai sayi kaya a lungun da ba ya ɓullewa. Ya ƙara da cewa ranar da baladiya, hukumar gari, ta gani, rushewa za ta yi. Munzali ya gyaɗa kai kawai. Tun safe bai ɗaga murya ba.

Bayan azahar ya dafa bangon, ya janye hannu da sauri. Bangon ya fara ɗaukar zafi. Ya hau tsani, gumi na shiga masa ido. Katakon tsakiya ya suɓuce ya daki kafaɗarsa. Ya cije leɓe, ya tare shi da ƙirji don kada ya faɗi ƙasa da ƙara.

Khalida, matar da ke gidan, ta fito da ruwan sanyi. Cikin raɗa ta ce jiya da la'asar ɗakin da ke jikin bangon kamar tanda, likita kuma ya hana kunna na'urar sanyi. Ta ajiye kofin ta koma.

Dab da la'asar ya shimfiɗa dardumar ƙarshe. Inuwa ta rufe bangon har ƙasa. Ya zauna a gindinsa.

Ta ƙaramar taga wata tsohuwar murya ta tambayi wa ke motsi a waje.

"Wani lebura ne, Inna," in ji Khalida.

"Allah ya yi masa albarka."

Munzali ya toshe bakinsa da tsumman gudumar. Shekara tara ke nan rabon da mahaifiyarsa ta sa masa albarka, tun ranar da ta rantse ba zai sake taka mata gida ba.